Na Raka Hajiya Landan Neman Kaskon Turare

Bari in fara da wautar da na yi, don na san halina, idan na bar ta zuwa ƙarshe zan yi ta yi mata kwalliya har ta koma abin yabo. Tun da na dawo daga Landan 'yan ajinmu ba su bar ni na huta ba, kowa sai ya tare ni yana tambayar yadda garin yake. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Kawu Lawan, yayan mamata, kuku ne a wani jirgin ruwa a Ingila. Jirgin na masu nutso ne, wato mutanen da suke goya tulun iska a baya su shiga ƙarƙashin teku don kallo. Kakata Hajiya kuwa sana'arta haɗa turaren wuta, duk Gwammaja an san ta. Shekara uku da suka wuce ta aika wa Kawu kasko da babbar kwalbar turare, don kada ƙarnin kifi ya kama masa tufafi. Duk sanda ya kira mamata sai ya ce a gaya wa Hajiya kullum yana kunnawa a jirgi, har Turawa suna yabawa.

Wata safiya mamata ta ce jirgin su Kawu ya kama da wuta, amma shi yana raye. Iyakar abin da na ji ke nan. Ina kwance a tabarma na ɗauki waya, na shaƙe murya irin ta dattijon mai karanta labarai a rediyo, na yi saƙon murya a zaurenmu na jikokin Hajiya. Na ce ni ma'aikacin jirgin ne, da idona na ga kuku ya zuba turaren uwarsa cokali uku a kan garwashi ya tafi alwala, kafin ya dawo jirgi ya zama tsire. Ni da ko dam ɗin Tiga ban taɓa zuwa ba, balle teku. 'Yan'uwana suka yi ta turo hoton dariya. Sai da yamma muka ji cewa mutum biyu sun mutu a gobarar. Na yi sauri na goge saƙon, amma ya riga ya fita.

Cikin mako guda maganar ta dawo gidanmu a bakin masu sayen turare. Hajiya ma ta ji. Ta tattara kwalabenta ta tura ƙarƙashin gado, ta daina karɓar aiki ko na amare, abinci ma sai an yi da gaske. A ranta ta gama yanke hukunci cewa turarenta ne ya kashe mutum biyu, ya kuma ɓata wa ɗanta suna. Ga shi ba za ta iya tambayarsa ba, don Kawu ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, “wancan” take ce masa. Da dogon hutu ya zo ta ce Landan za ta. Aka rasa mai raka ta sai ni, saboda ina jin Turanci, kuma a cewarta bakina ba ya gajiya. Ban da 'yan zaurenmu, ni kaɗai na san wane ne dattijon rediyon nan, kuma na yi gum.

Daga Kano muka hau mota zuwa Abuja. Hajiya ta ƙi yarda a sa jakarta a but, ta rungume ta tun daga Na'ibawa har filin jirgi. A ciki akwai kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, yaji, da kilishin da zai iya rufe ɗaki. A jirgin sama aka kawo mana wani abinci a ƙaramin faranti, ta leƙa ta ce in tambaya ko na marasa lafiya ne. Da jirgin ya fara girgiza a cikin gajimare ta damƙe hannuna ta ce, “Maigida, idan muka faɗi kai ka jawo, don nauyin ƙaryarka ya fi na kaya.” Wasa take yi irin na kaka da jika, amma ni ban yi dariya ba.

A bakin shiga ƙasar muka sami wani jami'i mai jan gemu. Ya tambayi wurin wa muka zo, na ce wurin ɗanta. Ya ce yana so ita ta faɗi sunan ɗan da bakinta. Na fassara mata. Hajiya ta kalle shi kamar ya ce ta yi rawa. Ta ce in gaya masa sunan yana cikin takarda, in ya iya karatu. Ban fassara wannan ba. Na yi masa bayani cewa a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Ya tambaya ko faɗa suka yi. Na ce a'a, so ne ya yi yawa. Layi ya taru a bayanmu, ina jin har Abuja ya kai. Daga ƙarshe ya karanto sunan da kansa, Hajiya ta gyaɗa kai tana kallon gefe, ya buga mana hatimi. A gaba kuma wani kare ya zo ya zauna a gaban jakarta, aka karɓe kilishin duka, wai ba a shiga da nama. Hajiya ta ce ba ta ga laifin karen ba, ya san abu mai kyau.

Kawu yana jiranmu a waje. Ya rame, hannayensa biyu suna cikin wata farar safa saboda ƙuna. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane ya gaishe ta. Hajiya ta kalli allon da ke sama da kansa ta ce da ni, “Ka tambayi wancan ko babu abinci a garin nan.” Kawu ya ce in gaya mata akwai. Haka aikina ya fara. Mutum biyu suna tsaye taku ɗaya tsakaninsu, Hausa ɗaya suke ji, ni ne waya.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke ce wa tube. Hajiya ta yi sallama da ƙarfi da ta shiga, ba wanda ya ɗago kai. Ta ce ko makoki ake yi. Kawu yana zaune a Peckham, a hawa na huɗu, a wani ɗan ƙaramin gida da suke ce wa flat, wanda idan ka yi miƙa a falo sai ka taɓa firij a kicin. Ya bar mata ɗakinsa, ni da shi muka raba falo. Makwabcinsa na jikin bango shekara biyar suna tare, bai san sunansa ba. Rana kuma ba ta faɗuwa da wuri, har Hajiya ta fara zargin agogon Kawu da cin amana a lokacin magariba. Washegari na sayo kifi da soyayyen dankali a takarda, ta ɗanɗana ta ce kifin bai yi laifin komai ba da za a kai shi kabari babu yaji. Daga ranar ta karɓe kicin. Kuku guda, mai ciyar da jirgi, ya koma zama a kujera ana miƙo masa tuwo.

Abin da na lura shi ne Kawu ba ya fita. Ya daina zuwa Rye Lane inda 'yan Afirka suke cefane, Juma'a ma wani masallaci mai nisa yake zuwa inda ba Bahaushe. Wayarsa tana ta ƙara, ba ya ɗauka. Ya ce mini masu bincike da lauyarsa sun hana shi yin maganar gobarar da kowa har rahoto ya fito, su kuma mutane sun ɗauki shirun nasa a matsayin amsa laifi. Wasu sun ce sigari ne, wasu sun ce mai jirgin ne ya sa aka ƙone don inshora, amma labarin turare ya fi kowanne gudu.

A kwana na biyar muka raka shi ofishin lauyar a Aldwych. Muka hau bas mai bene, na ja Hajiya sama, ta leƙa gaba ba ta ga direba ba, ta fara salati. A hanya ta sa na tambayi Kawu me masu nutson suke kamawa. Ya ce ba sa kama komai, tsofaffin jiragen da suka nutse suke zuwa kallo, kuma biya suke yi. Sai ta ce lallai ƙoshi ma ciwo ne.

A ɗakin jira muka tarar da wata Baturiya, ta kusa sa'ar Hajiya, mai gajeren farin gashi. Sunanta Misis Helen, tana cikin waɗanda suka tsira. Tana ganin Kawu ta tashi ta rungume shi. Hajiya ta ɗaga kai tana ƙirga fitilun silin. Da aka kira Kawu ciki, matar ta matso kusa da mu ta tambaya ko wannan ce mahaifiyarsa. Ta ce in fassara mata kalma da kalma.

Ta ce da asuba ne, kowa yana barci a ɗakunan ƙasa. Kawu kaɗai ne a farke, ya idar da salla yana kwaɓa fulawar burodi. Da ya ga hayaƙi, ƙofar fita tana bayansa, taku uku ya isa waje. Sai ya ɗauki tukunya da ludayi ya sauka ƙasa yana bugawa, yana dukan ƙofofi. Matakalar ta cika da hayaƙi, ya buɗe wata ƙaramar ƙofar sama ta ƙarfe da hannunsa, ƙarfen ya riga ya yi zafi, ya riƙe ta yana tura mutane ɗaya bayan ɗaya. Ita ce ta tara. Ya koma don sauran biyun, wuta ta hana shi. Ɗaya daga cikinsu ƙawarta ce tun ta makaranta. Ta ce su a can kati suke aikawa, ta rubuta masa har uku ta yaga, don ba ta sami kalmar da ta isa ba.

Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ba da labari ban ƙara masa gishiri ba, don babu wurin ƙarawa. Ina fassarawa ina jin kaina yana girma, kamar in buɗe taga in gaya wa duk Aldwych cewa kawuna ne. Hajiya ta kama hannun matar ta riƙe, ta ce in yi mata ta'aziyyar ƙawarta. Amma da muka fito na ga fuskarta ta ƙara nauyi. A lissafinta, ɗanta ya ƙone hannunsa ne wajen kashe abin da ita ta kunna.

Bayan kwana biyu manja ya ƙare, ni da Hajiya muka tafi Rye Lane. Nan ne kawai a Landan na ji kamar ina Sabon Gari: doya a tule, ƙamshin busasshen kifi, masu kitso suna kiran mutane, wani yana wa'azi da lasifika. Muka shiga wani shago, mai shagon ta ji muna Hausa ta yi tsalle. Sunanta Anti Samira, 'yar zangon Kumasi ce a Gana. Ta kawo wa Hajiya kujera, ta tambayi daga ina. Da muka ce Kano sai ta rage murya.

“Ai ɗan Kano ne ya ƙone boat ɗin nan. Uwanshi ne ya aiko mishi turare daga gida. Wani dattijo da yake aiki a ciki ya tona, ku ji.”

Ta danna waya. Muryata ta cika shagon, ina cewa da idona na gani. Wasu mata biyu da ke zaɓen tattasai suka ce su ma an turo musu, ɗaya ta ce ta ji dattijon ya rasu bayan ya yi maganar. Ina tsaye da raina ana ba ni labarin mutuwata. Hajiya tana riƙe da kwalbar manja, ta ajiye ta a hankali, ta yi wa matar godiya, muka fito ba mu sayi komai ba.

Muna shiga gida ko mayafi ba ta cire ba. Kawu yana zaune a falo. Ta tsaya a kaina ta ce, “Ka tambayi wancan, ina kaskon da na aiko masa.”

Ban tambaya ba, don ya ji.  Ya ce in hau kujera in sauko da wani kwali daga saman kabad ɗin kicin. Na sauko da shi, duk ƙura. A ciki ga kasko, jan yumɓunsa tas, ko ɗigon baƙi babu. Ga kwalbar turare a cike, bakinta ɗaure da leda da baƙin zare, irin ƙullin da Hajiya kaɗai take yi. Ta juya kwalbar, ta taɓa ƙullin da yatsa.

Kawu ya ce in gaya mata ba a yarda da garwashi a jirgi ba, ko ashana sai da izini, a flat ɗin ma akwai na'urar da take ihu idan ta ji hayaƙi. Bai taɓa kunnawa ba. Ya ce yana kunnawa ne don ta ji daɗi. Bai san ta daina sana'a ba, ba wanda ya gaya masa, ya ɗauka hannunsa ta zo dubawa.

Hajiya ta zauna a kan kujerar da na taka. Ta yi hamdala ta fi sau goma. Sai kuma ta ɗago ta ce, “Ka tambaye shi, shekara uku yana yi mini ƙarya? Har da Turawa suna yabawa?”

A nan na ga idan ban yi magana yanzu ba, ba zan taɓa yi ba. Na ce, “Hajiya, dattijon nan na cikin waya ni ne.” Ba ta gane ba, sai da na shaƙe murya na maimaita mata layin farko. Na zaci Kawu zai tashi ya mare ni ko da gwiwar hannu ne. Sai ya ce, “Na sani tun ranar da aka turo mini. Wa zai ce jirgi ya zama tsire in ba kai ba?” Wata uku yana ɗauke da abin, ya karɓe ni a filin jirgi, ya raba bargo da ni, bai ce uffan ba. Na gwammace marin.

Hajiya ba ta zage ni ba. Ta ce in ɗauki kwalin in biyo ta. Muka koma Rye Lane, tana gaba ina baya kamar mai kai lefe. Ta dire kaskon a kan teburin Anti Samira, ta ce ita ce uwar kukun, ga kaskon, a duba ko ya taɓa ganin wuta. Sannan ta nuna ni ta ce ga marigayi dattijo, a saurare shi. Na yi muryar a gaban kowa. Wata ta fashe da dariya, Anti Samira kuma ta zagayo ta kama kunnena ta murɗa har na ga Kano. Ta durƙusa ta ba Hajiya haƙuri. Ta ɗauki hoton kaskon, ta sa na yi sabon saƙo da muryata ta gaskiya, na faɗi sunana da abin da na yi da abin da Misis Helen ta faɗa, ta tura wa duk zaurukan da take ciki. Manjan ma kyauta ta ba mu. Ranar Juma'a Kawu ya je masallacin unguwa, ina gefensa ina tafiya kamar ni na buɗe ƙofar ƙarfen.

Ana gobe za mu taho Hajiya ta ce turaren shekara uku ba zai koma Kano bai ga wuta ba. Kawu ya fita sayen madara. Ta sa na samo gawayi a shagon Anti Samira, muka hura a kan murhu, ta kwance ƙullin ta zuba. Ƙamshi ya tashi, na minti ɗaya gidan ya koma ɗakinta na Gwammaja. Sai na'urar silin ta fasa ihu. Na hau kujera ina kaɗa tawul, makwabta suka fito, har mutumin jikin bango, wanda a ranar muka ji sunansa. Ina cikin dariya Kawu ya shigo. Ya ga hayaƙi, ya ji ƙarar, robar madarar ta faɗi daga hannunsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai iya gaba ba bai iya baya ba.

Hajiya ta kife faranti a kan kaskon. Na jira ta ce in gaya wa wancan wani abu. Sai ta wuce ni, ta kama hannayensa biyu masu farar safa, ta kalle shi a ido ta ce, “Zauna. Babu kowa a ciki, duk ka fitar da waɗanda Allah ya ba ka iko.” Ya zauna a ƙasa, ta zauna kusa da shi. Ni dai na ci gaba da kaɗa tawul, don ban san inda zan sa idona ba.

Wata huɗu bayan dawowarmu rahoton masu bincike ya fito. Wutar ta tashi ne daga batiran fitilu da kyamarorin nutso da aka bari a caji a falon jirgin, kuma an rubuta cewa kuku ne ya tashi mutane. Saƙona na biyu bai yi rabin tafiyar na farko ba, har yanzu akwai masu cewa turare ne. Kawu ya sami aiki a wani jirgin, yatsunsa biyu na hagu ba sa lanƙwasuwa sosai. Hajiya ta fito da kwalabenta daga ƙarƙashin gado, kaskon yana ɗakinta, kuma har yau wancan take ce masa.